Ko Kirista Bahaushe zai iya yanka ragon suna?

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ce. Ga abin da ya rubuto:

"Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni Bahaushe ne daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Kakanninmu Maguzawa ne, mahaifina ya karɓi bishara tun yana saurayi. Yanzu ina aiki a Kaduna, matata kuma tana da cikin fari, wata takwas. Mahaifina ya riga ya sayi rago yana kiwo. Ya ce a gida za a yi suna ran bakwai, in namiji ne a sa masa sunan kakana, Nomau. Shugaban zumuntarmu a nan birni ya ce suna ran bakwai da rago da aski ba na masu bi ba ne, na Musulmi ne da masu tsafi. Ya ce a kawo jariri majami'a a miƙa shi, a sa masa sunan Littafi ko na Turanci, sunan kaka kuma yana iya jawo la'anar zuriya. A ɗaya gefen, kakata wadda ba ta bar tsafi ba ta ce sai an yanka kaza a gindin tsamiyar gidanmu, an ɗaura wa yaro laya, in ba haka ba iskoki za su taɓa shi. Matata ta tsorata, ba ta barci. Ba na so in saɓa wa Allah, ba na so in kunyata mahaifina. Yaya zan yi?"

Ɗana, Allah ya sauki maiɗakinka lafiya. Bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna, ko kwa sami barci a daren nan. Ka yi suna a gidanku, ka bar mahaifinka ya yanka ragonsa, in namiji ne ka sa masa sunan kakanka. Kazar gindin tsamiya da laya kuwa, kada a yi. Dalilin da ya sa na yarda da na farkon, shi ne kuma ya sa na hana na biyun.

Ka buɗe Luka sura 2, aya ta 21. Da jaririn Maryamu ya cika kwana takwas, aka yi masa kaciya aka raɗa masa suna Yesu, yadda ake yi wa kowane ɗa namiji a cikin Yahudawa. Sunan ma ba baƙo ba ne a garin, mutane da yawa suna amsa shi a zamanin. Da kwana arba'in suka cika, iyayensa suka kai shi Haikali a Urushalima da hadayar talaka, tsuntsaye biyu. Ya tashi a Nazarat, ƙauyen da ake yi wa kallon raini. Ya koyi sassaƙa a hannun Yusufu. Ya yi magana da harshen mutanensa, shi ya sa har yau muke karanta "Talita kumi" yadda ta fito daga bakinsa. Almajiransa ma da karin harshensu na Galili aka gane su, ka tuna yadda aka tsare Bitrus a farfajiyar babban firist. Ya je biki a Kana, ya je gidan makoki a Betanya ya yi kuka.

Wannan shi ne abin da Yahaya yake nufi da ya ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Ba a zama mutum a sarari haka kawai. Duk wanda aka haifa, a wani gida aka haife shi, yana da dangi da harshe da irin tuwon da ake tuƙawa a gidansu. Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa mace ce ta haifi Yesu, a ƙarƙashin Shari'a aka haife shi. Da Allah yana ƙyamar al'adar 'yan Adam gaba ɗayanta, da bai yarda a ɗauki Ɗansa a hannu a yi masa abin da ake yi wa 'ya'yan maƙwabta ba.

Ikilisiyar farko ta sha fama a kan wannan magana. An sami waɗanda suka ce Yesu kamar mutum ya bayyana, amma ba jiki na gaske gare shi ba. An sami waɗanda suka ce jikin na mutum ne, amma hankalin ba na mutum ba ne. Wani bishof a ƙarni na huɗu, Giregori na Naziyanzu, ya amsa musu da cewa abin da Almasihu bai ɗauka ba, bai warkar da shi ba. A shekara ta 451 bishof-bishof suka taru a Kalkedon, wadda yanzu unguwa ce a cikin Istanbul, suka tabbatar cewa shi Allah ne cikakke, mutum ne kuma cikakke. Na kawo maka wannan ne domin ka ga zancen ragon mahaifinka ba ƙaramin zance ba ne. Wanda ya ce sai ka daina zama Bahaushe kafin ka zama mai bi na ƙwarai, ko bai sani ba, yana cewa akwai wani ɓangare na rayuwarka da Almasihu ba zai iya shiga ya tsarkake ba, sai dai a yanke a yar.

Manzanni ma sun yanke wannan shari'a tun suna da rai. A Ayyukan Manzanni sura 15, wasu 'yan'uwa suka zo Antakiya suka ce in ba a yi wa al'ummai kaciya bisa ga al'adar Musa ba, ba za su sami ceto ba. Ka lura, su hujjarsu ta fi ta shugabanku ƙarfi nesa ba kusa ba, domin kaciya a cikin Attaura take. Duk da haka taron Urushalima ya ƙi ɗora wa Helenawa wannan kaya. Abin da aka hana su kaɗan ne, na farko a ciki kuwa shi ne abin da aka miƙa wa gumaka. In ba a tilasta wa Bahelene ya zama Bayahude ba, wa ya ba wani izni ya tilasta wa Bahaushe ya zama Bature? Kwat da farar rigar amarya da kek na biki su ma al'ada ce, ta wasu mutane. Ba haramun ba ne, amma ba daga Dutsen Sina'i suka sauko ba.

Cewa wai Musulmi suna yin abu, saboda haka mai bi ba zai yi ba, wannan ma'auni ne da ba zai kai mu ko'ina ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna gaida iyayensu a durƙushe, suna zuwa barka, suna zuwa ta'aziyya, suna ciyar da baƙo. Za mu bari ne? Suna a wurinsu yana da hukuncinsa na addini, muna kuma girmama su a kan haka. A wurinka kuwa rana ce da dangi suke taruwa su karɓi sabon mutum, su ji sunansa, su gode wa Allah. Tambayar da za ka yi wa kowane abu da za a yi ran nan ita ce: wa ake nufa da shi, ga wa kuma ake dogara?

Ka auna ragon da wannan tambaya. Mu ba mu da sauran hadaya ta zunubi ko ta fansar rai. Wasiƙar Ibraniyawa sura 10 ta ce an miƙa hadaya ɗaya tak, ta kuma isa har abada. Saboda haka jinin ragon ba ya sayen ran yaro, ba ya kuma kore masa kome. Nama ne na murna, irin ɗan maraƙin da uban nan ya sa a yanka da ɓataccen ɗansa ya komo gida. Ka tabbata an faɗi haka a fili a wurin taron. Akwai wani abu a tarihin Turawan kansu da nake so ka sani. A shekara ta 601, Fafaroma Giregori Babba ya aika wa masu bisharar da ya tura Ingila saƙo. Mutanen ƙasar a lokacin matsafa ne, suna yanka shanu ga allolinsu. Ya ce kada a rushe ɗakunan tsafinsu in ginin mai kyau ne, gumakan da ke ciki za a fitar, a mai da ɗakunan wurin yi wa Allah sujada. Shanun kuma su ci gaba da yankawa a ranakun idi, amma domin ci da yi wa Allah godiya, ba domin aljanu ba. Jikokin waɗannan mutane ne suka zo mana da bishara bayan shekara dubu da ɗari uku. Abin da aka yi wa kakanninsu sassauci a kai, bai kamata a ƙuntata wa mahaifinka a kansa ba.

Maganar suna ita ce ta fi ɓata mini rai a cikin wasiƙarka, domin an tsorata mace mai tsohon ciki da abin da ba shi da tushe. Nomau sunan yaron da aka haifa lokacin noma ne. Babu iska a cikinsa, babu alkawari da kowa. Ka duba Luka sura 1. Ran suna, dangi da maƙwabta suka taru a gidan Zakariya za su sa wa jariri sunan ubansa, da uwar ta ce Yahaya sai suka yi mamaki, suka ce ai babu mai wannan suna a danginku. Wato mayar da sunan iyaye al'adarsu ce su ma. Sa'an nan ka duba masu bi na zamanin Bulus. Afolos da Abafaroditas da Diyonisiyas, dukansu sunayensu daga na allolin Helenawa aka samo su, ba a kuwa rubuta cewa an sake wa ko ɗayansu suna a bakin ruwan baftisma ba. La'anar zuriya fa? Ezekiyel 18:20 ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. A jerin kakannin Yesu kansa da Matiyu ya rubuta akwai Manassa, sarkin da ya yi sihiri da duba har ya ƙone ɗansa hadaya. Ubangiji bai goge sunan nan daga asalinsa ba. In kuna so ku haɗa wa yaron da wani suna, ga su nan da harshenmu: Haske, Nasara, Salama, in mace ce Godiya ko Alheri ko Murna. Ga kuma Ishaya da Dauda da Rahila. Amma kada tsoro ya zaɓa muku.

Ba kai ne Bahaushe na farko da ya bi wannan hanya ba. In ka sami sarari ka je Wusasa ta Zariya, ka ga majami'ar Saint Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, ba a kwaikwayi majami'un Landan ba. Baturen mishan Likita Walter Miller da abokan aikinsa 'yan ƙasa sun yi shekaru suna wahala har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Daga cikin jama'ar nan aka sami Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Da sunayensu na gida aka san su, ba wanda ya ce bangaskiyarsu ta ragu saboda haka.

To, sai kakarka. A nan shugabanku yana da gaskiya, ina so kuma ka ba shi gaskiyarsa. Tsoron da yake ji ba na banza ba ne. Mutanen zamanin mahaifinka da suka fita daga tsafi, wasunsu an kore su daga gida, wasu an ƙwace musu gona. Sun san abin da suka bari. Marigayi Byang Kato, ɗan Kwoi wanda ya riƙe babban sakataren ikilisiyar ECWA ya rasu a 1975, ya yi ta gargaɗi cewa bishara za ta sa tufafin Afirka, amma Littafi Mai Tsarki ne zai yi wa al'ada shari'a, ba al'ada za ta yi masa ba. Yesun da ya karɓi suna ran takwas, shi ne kuma a Markus sura 7 ya tsawata wa Farisiyawa don sun bar umarnin Allah sun riƙe al'adar mutane. Ya shigo gida a matsayin ɗan gida, shi ya sa yake da ikon cewa a fitar da wannan, a bar wancan.

Kazar da za a yanka a gindin tsamiya ba ta ci ba ce. Ana nufin wani da ita, ana neman wani abu a wurinsa. Layar ma haka, ana dogara gare ta ta tsare rai. Bulus ya gaya wa Korantiyawa ba za su iya sha daga ƙoƙon Ubangiji su kuma sha daga na aljanu ba. Mutanen Afisa da suka ba da gaskiya sun tara littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin, amma ba a ce sun ƙone rigunansu ko sun bar harshensu ba. A nan iyakar take. Ina kuma roƙonka ka riƙe wannan ma'auni in ka koma birni, domin can ma akwai layu. Kwalbar mai ko ƙyallen da ake saye a rataya wa jariri, ana jin cewa muddin yana jikinsa ba abin da zai same shi, ban ga abin da ya raba shi da layar kakarka ba sai sunan da aka laƙaba masa.

Amma kada ka je wa tsohuwar nan da wa'azin ƙasƙanci. Matan zamaninta kaɗan ne ba su binne jariri ba. Abin da take nema shi ne yaron ya rayu, kai ma shi kake nema. Ba kai za ka tare ta da maganar ba, mahaifinka ne, ɗanta. Ka je gida tun kafin haihuwa, ka zauna da shi, ka fara gode masa a kan ragon, ka gaya masa a gidansa za a yi suna kuma sunan ubansa za a mayar. Bayan ya ji wannan sai ka roƙe shi ya shiga wurin gyatumarsa da goro ya gaya mata cewa gidansa ya riga ya damƙa 'ya'yansa a hannun Almasihu, wanda aljanu suka yi rawar jiki a gabansa, ba za a raba yaron gida biyu ba. Sa'an nan ku ba ta matsayinta. Ita za ta riƙe jaririn sa'ad da ake addu'a, a yi mata zane, a kai mata kasonta na nama tun kafin na kowa. In ta ga ba a ture ta ba, rabin rigimar ya ƙare. In kuma wata rana maiɗakinka ta ga laya a wuyan yaro ko a ƙarƙashin shimfiɗa, kada ta firgita, kada ta yi faɗa da tsohuwa. Ta cire ta ba ka, ka kai wa mahaifinka, ku yi addu'a. Fata ce da zare, ba ta fi ƙarfin wanda kuka dogara gare shi ba.

Akwai al'adun da ba tsafi ba ne amma suna cutar da jiki, su ma wannan koyarwa ta shafe su, domin wanda ya ɗauki jiki bai raina jiki ba. Aski babu laifi, in dai da sabuwar reza ce. Cire beli kuwa kada ka yarda, yana jawo zubar jini da shigar cuta, jariri kuma ba ya bukatarsa. In mace aka haifa, kada aska ta kusanci gabanta ko da wane suna aka kira abin. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka nuna cewa yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A kula da ita, a ba ta abinci mai kyau, a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, amma a sassauta kanwar. Ta haihu a asibiti. In haihuwar ta zo da wahala ko an yi mata aiki, kada a ɗora ta a mota ran shida don a cika al'ada. Maza za su iya taruwa a ƙofar gidan mahaifinka da safe a raɗa suna a yi addu'a, uwa da ɗa suna Kaduna suna hutawa.

Ran sunan, ka gayyaci faston ƙauyenku ya karanta Luka sura 2, ya faɗi sunan, ya sa albarka. 'Yan zumuntar mata su zo da waƙoƙinsu. A raba goro da alewa yadda aka saba. Game da yankan, ka yi abin da Kiristoci da yawa a Arewa suke yi a lokacin Kirsimeti: ka kira maƙwabci Musulmi ko mahauci ya yanka, domin kowa a ƙauyen ya iya cin naman ba tare da ɗari-ɗari ba. Ba ka rasa kome da haka ba, ka kuwa ƙara zumunci. In maiɗakinka ta yi arba'in, ku kai yaron majami'arku a Kaduna ku miƙa shi a gaban ikilisiya, kamar yadda Yusufu da Maryamu suka yi bayan suna. Ka ga abin da mahaifinka yake so da abin da shugabanku yake so dā ma ba kishiyoyi ba ne, ɗaya ne ke bin ɗaya.

Shi shugaban zumuntar, kada ka yi jayayya da shi a gaban matasa. Ka same shi shi kaɗai, ka gaya masa ka hana kaza ka hana laya, ka nuna masa ayoyin nan, ka gayyace shi sunan da bakinka. In ya ƙi zuwa, Romawa sura 14 ta ce kada mai ci ya raina marar ci, kada marar ci ya ga laifin mai ci, sai ka ƙyale shi da lamirinsa. In kuwa ya kai ga yi maka barazanar horo ko ya ci gaba da gaya wa matarka cewa ɗanta la'ananne ne, wannan ya wuce bambancin ra'ayi. Ka kai maganar gaban fasto da dattawan ikilisiya, tun kafin ta haihu.